Na Ce wa Awudu Ruwa Yana Wanke Hayaƙin Shisha

Ni ɗan unguwar Nima ne. Kafin shisha ta shigo rayuwata ɗinki nake koyo a unguwar Kawukudi, kuma hannuna ya faɗa, har maigidana yakan bar mini aikin wuyan riga. Ba yunwa ce ta tashe ni daga kan keken ɗinki ba, kwaɗayi ne kawai.

A bes ɗinmu, wato rumfar da samarin layi suke zama shan shayin ataya, wani ya kawo tukunyar shisha, aka ɗora mini wanke ta. Nan na lura tabar da aka sha ba ta ƙonewa duka. Sai na fara kankare ragowar, in kwaɓa da ruwan sukari da turaren alewa, in cusa a tsohon kwali in sayar da sunan sabuwa. Da abin ya karɓe ni, na shiga ba da hayar tukwane a gidajen biki, daga unguwar Maamobi har unguwar Malam. Ruwan da nake zubarwa daga cikinsu launinsa ɗaya da na babbar kwatar Nima. Tiyon kuwa, yawun mutum nawa ya kwana a ciki, Allah kaɗai ya sani. Ƙyama ba ta bar ni na taɓa sa shi a bakina ba.

Amma na sa wa Awudu, abokina tun makarantar allo. Shi ke jan Ishiriniya a Maulidin layinmu, kuma ko warin sigari ba ya so. Na san in aka ga irinsa yana sha, kasuwa ta buɗe.

Ya ce, "Cale, abokina, ni ba na shan taba kuraa, ko kaɗan."

Na ce, "Wane taba? Tuffa ne. Ba ka ga ruwa ba? Ruwa yana wanke najasa, balle hayaƙi."

Ya yi dariya ya karɓa. Daga baya shi ke nemana.

Ɓarawon da ya saba da ƙarami ba ya tsayawa nan. Na fasa shagon wani ɗan kasuwa a unguwar Tudu na kwashi kwalayen taba da gawayi, 'yan dako suka rutsa ni, suka yi mini dukan kawo wuƙa. Alƙali ya tura ni gidan yari, na yi shekaru.

Da na fito, gidan su Awudu na fara zuwa. Mahaifiyarsa, Mma Hajara, ko gaisuwata ba ta amsa ba.

Ta ce, "Ka zo? Shiga ka ga aikinka."

Wari ne ya fara tarbata. Awudu yana kwance, ya zama ƙashi da fata, da rami a wuyansa an rufe da tsumma. Ciwon daji ne ya ci maƙogwaronsa, likitoci suka yanke.

Mma Hajara ta ce, "Dokta ya ce ruwan ba ya wanke komai. Sanyaya hayaƙi kawai yake, dafin taba da na gawayi su shige ƙirji da daɗi."

Na durƙusa na faɗa masa komai, har ragowar da nake kankarewa. Na ce, "Awudu, don girman Allah ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona. Leɓɓansa suka motsa, iska ta ɗaga tsumman, ba murya.

Na ce, "Mma, me ya ce?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba."

Kafin in sake komawa an kai shi makwancinsa.

Na tuba, na koma kan keke. Laifin Tudu na biya shi. Na Awudu ba kotun da ta tambaye ni, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Samari da 'yan mata, shisha taba ce, ƙamshin tuffa ba ya hana ta jawo ciwon daji. Kada ku karɓa, kada kuma ku miƙa wa wani, domin ranar da za ku je neman gafararsa, wataƙila ba shi da muryar da zai ba ku ita.