Saƙon Yaya Zuwa Tsibirin Kirit

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta ɗaure bakin aljihu, council ɗin, wato ƙaramar hukumar da maigidana yake wa aikin akanta, ta rage ma'aikata, shi ma abin ya rutsa da shi. Ba mu rasa na cefane ba, don ina aikina a wani kemis a unguwar Rusholme, cikin Manchester. Mutumin ne kansa ya dame ni. Wanda a da ko ranar Asabar sai ya goge takalmi ya nemi wurin zuwa, ya koma zaman falonmu na Gorton da jallabiya guda, talabijin tana kallonsa. In na yi magana ya ce "to". In yara sun kaure da faɗa ya ce "to". Na fara jin tsoro, tsoro na gaske, kada wata rana in dawo daga aiki in tarar ko "to" ɗin ma ta ƙare.

Wata Baturiya da muke aiki tare ce ta ba ni shawarar in kai shi inda ake rana. Ta ce tsibiran Girka sun yi araha a lokacin, don su ma can matsin ya kama su, har ya fi namu. Na yi dariya. Hutu a wurinmu shi ne mu tafi Kano da akwatuna niƙi-niƙi, mu gaida wannan, mu yi wa wancan ta'aziyya, mu je barkar haihuwar yaron da har ya fara tafiya, mu dawo a gajiye liƙis. Tafiya mu biyu kawai, ba gaisuwa ba jaje, ban taɓa yi ba. Amma maganar ta zauna mini a rai.

A cikin bas na shirya tafiyar nan kusan dukanta, a cunkoson Wilmslow Road, waya a hannu. Da gangan na zaɓi wani ƙaramin tsibiri wanda ban taɓa jin Bahaushe ya ambaci sunansa ba. Na samu ɗaki a saman gidan wata tsohuwa, bango fari fes, taga shuɗiya, da 'yar baranda mai kallon teku. Na rubuta mata, ta amsa da Turancinta mai ɗingishi cewa za ta ajiye mana ɗakin, har ta ƙara da cewa kajinta suna ƙwai kullum.

Abinci kuwa na yi masa binciken ƙwaƙwaf. Na gano suna da tsire, a tsinke kamar namu, sai dai yawanci na alade ne, don haka na yafe shi. Akwai gasasshen kifi, akwai wake, akwai haɗin tumatir da kokwamba da zaitun da ake ɗora wa farin cuku a kai. Akwai shinkafa naɗe cikin ganyen inabi, da wani kindirmo mai kauri da suke kwarara wa zuma, wanda tun daga hoto na ƙudura zai zama karin kumallona. Sai kuma wata halittar teku mai hannaye takwas da suke shanyawa a igiya kamar wanki. Wannan kam na ce Allah ya ba masu ci lafiya. Na tsara wuraren da za mu gani: kufan wani tsohon ginin dutse a kan tudu inda ake zuwa kallon faɗuwar rana, da ƙauyukan da ke maƙale a jikin duwatsu, da yini guda a jirgin ruwa.

Na nuna wa maigidan hotuna. Ya ce "to". Can kuma ya tambaya ko ruwan tekun yana da sanyi, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin ci gaba.

Saura wurin barin yara. Yayar maigidana tana Birmingham, a Sparkhill, ita ce babba a danginsu na nan, kuma ita ta riƙe shi yana ƙarami. Yaya ba a roƙonta abu ta waya, sai an je an zauna an ci tuwo. Ga shi kuma dole a yi mata sallama kafin kowace tafiya. Muka kwashi yara ranar wata Lahadi, suna ta murna da Turancinsu na Manchester wanda ni kaina sai na kasa kunne nake gane shi.

Ta amince da riƙe su tun kafin in rufe baki. Har yau "amaryarmu" take ce mini, duk da yaran nan sun kusa kamo ni tsawo. Sai da muka ci muka wanke hannu ta juyo.

"Amaryarmu, Girkan nan wa kuke da shi a can?"

"Ba kowa, Yaya."

"Ba kowa? To wa zai tare ku? Gidan wa za ku sauka?"

"Mun yi booking ɗin ɗaki, holiday ne kawai."

Ta dube ni ta dubi ƙaninta da tausayi, irin duban da ake yi wa waɗanda suka ɓata a tasha. A wurin Yaya mutum ba ya zuwa gari sai da dalili, kuma dalilin mutum ne. Ta ɗauki wayarta ta hau sama. Muna jin muryarta ta cikin silin, ta kira wannan ta kira waccan. Ni dai na kwantar da hankalina, don na san tsibirin da na zaɓa ko mai sayar da goro bai taɓa taka shi ba.

Ta sauko fuska a washe. An samu mutum. Wata ƙawarta 'yar Kafanchan tana da wa, wanda ya tafi Girka karatu tun yana saurayi, ya yi aure can, yanzu ya tsufa yana zaune a wani ƙauye a tsibirin Kirit. Ya yi shekaru bai samu wanda zai yi Hausa da shi ido da ido ba. Ta riga ta yi magana da shi, ta faɗa masa ƙaninta na nan tafe, shi kuma ya ce a gidansa za mu sauka.

Na tattaro duk ladabin da nake da shi na ce mata Kirit daban, tsibirinmu daban, akwai teku mai yawa a tsakani. Na ce tamkar a ba mai zuwa Sakkwato saƙon Yola ne. Ta ce ai ana yi, kuma ba a taɓa jin wanda ya mutu ba. Kafin in sake magana ta shige kicin, ta fito da jaka: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji a kwalba, da wata hula sabuwa da ta ajiye ba a san don wa ba. Warin daddawar nan ya cika falo.

Yayar miji ba a yi mata musu a gidanta. Na zuba wa maigidan ido, ina jira ya ce wani abu. Sai ya miƙe ya karɓi jakar da hannu biyu, ya ce ta ba shi lambar dattijon.

A hanyar dawowa na cika na batse. Tun daga Stratford Road har muka hau babban titi ina faɗa. Na ce na shirya mana mako guda mu kaɗai, ba gaisuwa, ba zaman falo da baƙo ana tambayarmu labarin gida, ga shi an mayar da mu 'yan aike. Na ce gobe zan kai jakar nan gidan waya, a auna ta a aika masa, kowa ya huta.

"A hannu aka ba ni," in ji shi. "A hannu zan kai."

Daga nan muka ƙarasa gida tagogi a buɗe saboda daddawa.

Washegari ina shirin fita aiki na ji Hausa tana tashi daga kicin, da ƙarfi, har da ƙyaƙyata dariya. Na sauko na tarar da maigidan ya yi aski, ya sa riga mai guga, waya a kunne, yana ta "ranka ya daɗe" da dattijon Kirit. Suna gardama a kan ko yajin Kano ya kai na kudancin Kaduna. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

Da ya ajiye wayar ya shiga zayyana mini. Akwai jirgin da ke tashi daga Manchester kai tsaye zuwa Kirit. Dattijon yana da gonar zaitun, da ɗaki mai ƙofarsa daban. Matarsa ta ce rago za ta sa a kawo, maigidana ya yanka da hannunsa. Akwai wani kwazazzabo mai zurfi da ake bi a ƙafa, da tsohuwar tashar jiragen ruwa mai masallacin da Turkawa suka bari. Duk wannan ya tattara kafin in gama shafa mai. Ni kuwa tsohuwata da kajinta nake tunawa, raina bai gama hucewa ba.

Na ce masa ni fa don ya huta na shirya tafiyar nan, ya samu mako guda da ba wanda zai ɗora masa komai.

Ya juya kofin shayinsa.

"Na gaji da hutu," ya ce. "Tun da suka sallame ni, kowa cewa yake in huta. Wannan bawan Allah ne kaɗai ya tambaye ni yaushe zan iso."

Na sa ɗayan takalmin na fita, don na kusa makara. A cikin bas na rubuta wa tsohuwar na ba ta haƙuri, na ce ta ba wasu ɗakin.