Jan Ganye a Kusurwar Mayafi

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, wannan ranar ba za ta fita daga kaina ba.

Lokacin ina direba a wani shagon kayan mata a unguwar Malaz, can ƙasar Larabawa. Mai shagon shi ne kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar. Kafilinmu ɗaya da wani tsoho ɗan Indiya, ɗakinmu ma ɗaya a unguwar Manfuha. Surfanin hannu yake yi a mayafi, sana'ar da ya gada kaka da kakanni. Mayafi guda kan ci masa wata, idonsa na zubar da ruwa, ladan kuwa abin kunya. Duk wanda ya gama sai ya ɗinka ɗan jan ganye a kusurwa, alamar gidansu.

Rannan na kai wa wata mata mayafi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ta buɗe tana ta yabo, ta ce maigidana ya gaya mata daga Turai aka kawo shi. Ni kuwa bakina ba birki. Na nuna mata ganyen, na ce a gabana aka ɗinka. Ta tambayi ladan tsohon, na faɗa. Nan take ta kira shago.

Wallahi nan na gane na jawo mana bala'i. Fasfonmu duka yana hannun kafili. Idan ya kai ƙara cewa mun gudu daga aiki, iƙama, wato takardar izinin zamanmu, ta mutu, sai kamu da kora, ga tsohon shi ke ciyar da gida guda a ƙasarsu. A hanyar komawa, duk motar 'yan sandan da na hango sai na ɗauka ni take nema.

Na tarar an kira tsohon, yana tsaye gaban kafili. Kafili ya daɗe yana hararata. Ashe matar cewa ta yi tana son mayafi goma, amma sai ta ga mai ɗinkin, kuma a ninka masa lada. Kwaɗayin ciniki ne ya cece mu. Ni dai ya karɓe makullin mota, ya tura ni ɗaukar kaya a sito.

Na zaci tsohon zai gode mini. Sai bayan kwana uku ya ce mini, "Gaskiya ka faɗa, ya akhi, ɗan'uwana. Amma da abincin 'ya'yana ka yi caca, ba ka ko tambaye ni ba."

Tun daga ranar, in zan yi magana a madadin wanda ake zalunta, shi nake fara tambaya, don in ta ɓaci shi zai kwana a ciki.