Hutun Neville Mai Tatsa

Neville Pratley bai taɓa kwana nesa da shanunsa ba tun da ya gaji gonar mahaifinsu a ƙauyen Millaa Millaa. Mai tatsa ba shi da Lahadi, ba shi da Kirsimeti. Da asuba yana rumfar tatsa yana maƙala wa shanu injin, da la'asar ma haka, tankar madara kuma ba ta jiran kowa. Ya kusa shekara sittin da biyar, gwiwarsa ta dama tana ƙara in ya tsuguna, amma bakinsa lafiya lau yake, musamman wajen kushe.

Titin da masu yawon hutu ke bi su je kallon ruwan da ke zubowa daga kan duwatsu ta bakin shingensa ya wuce. Da an shiga sanyi sai su fara tururuwa, tsofaffi sa'anninsa, kowa da ɗakinsa mai taya a ɗaure bayan mota. A nan direba ba ya wuce direba bai ɗaga masa yatsa daga kan sitiyari ba. Neville yana ɗaga wa mai tanka, yana ɗaga wa mai kawo wasiƙu, amma in mai jan ɗaki ne sai ya kafe ido a kan kwalta.

"Marasa aikin yi," zai ce wa matarsa Raelene. "Ruwa ne fa yake faɗowa daga sama zuwa ƙasa. Da ƙasa zuwa sama yake yi, da ni ma na je."

Maganar gaskiya, Neville yana so yana kaiwa kasuwa ne. Hassada ke cin sa, kuma mai hura wutar ƙanensa ne Des. Des ya sayar masa da rabonsa na gonar tun da jimawa, ya sayi mota da ɗaki mai gado huɗu, shi da matarsa Maureen suka shiga duniya. Duk shekara sai su dawo da fata a ƙone, a gasa nama a bayan gidan Neville, Des ya ciro waya ya fara nuna hotuna: tsaunuka jajaye na yamma, kwazazzabai masu zurfin da in ka jefa dutse sai ka gaji da jiran ƙararsa, wani tafki kore a ƙarƙashin dutse, ga Des a ciki da tumbinsa.

"Babban yaya, gani ya kori ji," in ji Des. "Ka zo mu je bana mana."

"In je in yi me? In biya kuɗin mai don in kalli rami? Ga rami nan a bayan rumfa, kyauta."

Aka yi dariya. Neville ya juya naman har ya ƙone gefe. Abin da ya fi ci masa rai ba hotunan ba ne, yadda Raelene ke riƙe wayar ne da hannu biyu, tana ja da yatsa tana faɗaɗa hoton, bakinta a ɗan buɗe. Shekara arba'in suna tare bai taɓa kawo mata abin da ta kalla haka ba. Des kuwa, wanda ko ɗan maraƙi bai iya riƙewa da kyau ba, shi ne mai ba da labarin duniya a gidan wansa.

A bana likita ya duba gwiwar ya ce masa ya huta, ko ta hutar da shi. Da yamma, bayan tatsa, Neville ya tsinci Raelene da Maureen a kicin suna ƙus-ƙus kan taswira, ya ji ana cewa gado biyu na sama a ɗakin su Des babu kowa. Ya yi kamar bai ji ba, amma a ransa ya yanke bana da shi za a je. Washegari ya tafi garin Malanda ya sami Tanya, matar da ke zagaya gonaki tana riƙe wa mutane tatsa in za su yi tafiya. Suka shirya za ta karɓi shanun na wata guda, daga ranar da su Des za su tashi. Ya shiga kanti ya sayi hular rana mai faɗi, ya ɓoye ta a bayan buhunan dusa.

Bai gaya wa kowa ba. Mutumin da ya shekara goma yana zagin abu ba zai tashi rana ɗaya ya ce yana so ba. Dabararsa ita ce ya jira a roƙe shi. Des zai sake cewa ya zo, Raelene za ta sa baki, shi kuma ya ja aji, ya yi tsaki, ya ce to tunda kun matsa. Har ya haddace yadda zai faɗa. Sai dai bana Des bai tambaya ba. Da aka zauna cin abinci ana lissafa wuraren da za a bi, Neville ya gyara murya don ya buɗe musu ƙofa, amma abin da ya fito shi ne wanda bakin ya saba.

"Ƙuda da ƙura kawai za ku sha a can."

"Mun ji, Nev," in ji Raelene, ta miƙa masa dankali.

Girman kai rawanin tsiya. Ana gobe tafiya sai ga motar haya ta sauke Beryl, yayar Raelene da mijinta ya rasu bara, da akwati da sabon takalmin hawan dutse, ko takardar farashin ba ta cire ba. Ta rungume Neville tana hawaye.

"Na gode, Neville. Raelene ta ce kai ba ka son irin wannan tafiyar, shi ya sa na samu gado. Tun da Ron ya rasu ban fita ko'ina ba."

Neville ya dubi takalmin, ya dubi matarsa. Raelene ta dafa kafaɗarsa.

"Na san za ka ce shanu, shi ya sa bana ban dame ka ba. Na cika maka firij da miya. Ba ka ji haushi ba ko?"

"Haushin me?" ya ce. "Ku je ku kalli ramukanku."

Abin da baki ya ɗaura hannu ba ya iya kwancewa. Da safe shi ya taya Des ɗaura ɗakin a bayan mota, har ya gyara masa sarƙar da ya maƙala a karkace. Raelene ta zauna a baya kusa da yayarta, sanye da wata rigar fure da ya manta tana da ita. Tana ta dariya tun kafin a tada mota, kuma dariyar ta yi masa ciwo fiye da gwiwar. Ya tsaya a bakin ƙofa har suka sha kwana.

Da la'asar Tanya ta iso a tsohuwar motarta, ta sa dogon takalmin roba ta shige rumfa. Neville ya bi ta a baya yana fatan shanun za su yi mata gardama, ko da Duchess ce, baƙar saniyar nan mai harbi. Duchess ta shiga layi salin-alin, ta tsaya aka maƙala mata injin, ko waiwayarsa ba ta yi ba. Madara ta cika bututu kamar kullum.

"Ai na ɗauka kun yi nisa," in ji Tanya. "Yaushe za ku tashi?"

"Sun tashi."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hannunsa da ya rasa abin riƙewa, ta koma kan aikinta. Ya jawo bokiti ya kife a bakin ƙofar rumfa ya zauna. Can sai ta leƙo.

"Neville, ɗan matsa gefe. Ka tare musu hanya."