Inna Ta Wanke Mini Tsinkayen Gwaji

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, malamin da ke duba aikina ya ɗora mini haɗa wasu 'yan tsinkaye na gwada ruwa, masu kama da na awon suga. A bakin kowane tsinke ake zaunar da inzayim, wani sinadari da ake samu daga jikin halittu. In maganin feshin gona ya taɓa shi sai ƙarfinsa ya ragu, na'ura ta nuna. Ni kuwa ruwan tafkinmu na Yauri nake son aunawa, wajen da fadamun shinkafa ke tsiyayowa.

Zaunar da inzayim ɗin nan shi ne azabar. In ka ɗiga shi kawai ka bari ya bushe, tsomawa biyu ruwa ya tafi da shi. In kuma ka ɗaure shi da sinadarin ɗauri, wani ruwa mai yaji da ke sa ido hawaye, ka kuskura ka zarce kaɗan, to zai ɗauru tamau amma ya mutu. Wata uku ina fama. Kullum malam ya leƙo, ya dubi na'ura, ya ce, "Sake."

Da ƙyar na sami goma sha biyu masu aiki, shida ɗigaggu, shida ɗaurarru. Na jera su cikin 'yar kular sanyi da ƙanƙara, na riƙe ta a cinya har gidanmu a Yelwa ta Yauri.

Washegari na tafi bakin ruwa neman mai jirgin da zai kai ni wajajen Shanga. Ina dawowa na tarar da tsinkayena shanye kan faifai a tsakar gida, rana na dukansu.

"Inna! Wa ya buɗe kular nan?"

"Ni ce. Ƙanƙara nika biɗa in sa ma kunun zaƙi, sai nig ga abubuwan ga duk bakinsu ya yi dauɗa, rawaya-rawaya. Na ɗauraye miki su, na goge da tsumma."

"Inna, dauɗar nan ita ce aikin!"

"To mi ya hana ki rubuta a jiki?"

Alhali kuwa na rubuta, da manyan baƙaƙe ma. Da Turanci.

Na shige ɗaki na zauna, ko kukan ya ƙi zuwa. Ta biyo ni da kofin kunu mai sanyi, na ƙi karɓa.

"Ke dai," in ji ta, "abin da za ki tsoma cikin tafki, in tsumma na fid da shi, ai dama bai kamu ba."

Ban je Shanga ba. Na koma makaranta na zayyana wa malam, ina jiran faɗa. Ya ce in gwada su kafin in zubar. Ɗigaggun nan ko motsi. Cikin ɗaurarrun kuwa huɗu suka amsa, da rauni, amma sun amsa.

Mutumin nan ya dinga murna kamar an yi masa haihuwa. Wai ga hujjar da muke nema ta cewa ɗaurin ya fi. Ya ce in kira gida in tambayi sau nawa aka ɗauraye, da tsawon lokacin da suka yi a rana, don mu maimaita daidai.

Na kira. Inna ta ce, "Wa ke ƙidayar ɗauraya? Har dai sunka fita."

Sai da na sake haɗa wasu, mako shida cur, na wanke su da kaina ina ƙirgawa. Kafin in koma Yauri an girbe shinkafa, lokacin feshi ya wuce. Ruwan rani na auna, ban sami abin kirki a ciki ba.