Gyaɗar da Ba Ta Tsiro Ba

A gidanmu na Tudun Wada, ba don tatsuniya ake hura wuta ba, don suyar gyaɗa ake hura ta. Iya, kakata, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, idan damina ta gabato kuma ta sayar wa manoma iri. Da an idar da magariba sai mu kewaye kaskonta, tana juya gyaɗa tana ba mu labari, jirgin ƙasa na kuka daga tasha. Ni dai gaskiya gyaɗar nake jira, ba labarin ba.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji ta, "mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, ta wasu 'yan'uwa biyu masu sayar da igiya. Babban kuɗin kowace igiya kawai ya sani. Ƙaramin kuwa ya zauna da masu tufka, ya bi makiyaya, ya leƙa rijiyoyi, har ya san wadda ke jure ruwa da wadda ke ruɓewa. Ran nan wani mahaƙin rijiya ya zo. Babban ya miƙa masa igiyar ɗaure akuya don ta fi kyan gani, bai tambaye shi komai ba. Mutumin ya kai tsakiyar rami, igiya ta tsinke. Daga ranar ko kaza ba ta sake tsayawa a rumfarsa ba.

"Ƙawata," takan ce mini, "mai sayarwa ya san kayansa, ya san mai saye, ya san lokaci. In ya rasa ɗaya, makaho ne da kaya a ka."

Ta yi ta fama in koyi fasa ƙwaya in duba cikinta, in san ta bana da ta bara, in iya gaisuwa da harshen Gbagyi da Nufanci. Ni kuwa ina aji shida, gani nake na fi ƙarfin wannan. Gyaɗa ai gyaɗa ce.

Ruwan farko ya sauka ranar da Iya ta tafi gaisuwar mutuwa ta bar mini zaure. Sai ga Mama Ladi, wata manomiya 'yar Gbagyi daga wajen Maitumbi, da ƙwarya a kafaɗa. Mijinta ya rasu, ita ke noma wa yaranta huɗu, kuma shekara da shekaru wurin Iya take sayen iri. Ta ce ta shuka take so. Iri na cikin ɓawonsa a rataye a ɗaki, sai an sauke an ɓare. Ga kuma buhun ɓararriya a kusa, ta bara, wadda ta sha zafin rufin kwano, an ajiye ta don mai. Ban san bambancinsu ba, na kuma san ban sani ba. Ƙyuya da girman kai suka hana ni cewa ta jira. Na auna mata, har da gyara.

Bayan mako uku ta dawo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a bakin zaure ta ce, "Iya, gyada bai fito ba. Gona duka babu."

Iya ta dubi buhun, ta dube ni. 

"Laifina ne," in ji Iya. "Tsufa ne, na haɗa buhunan."

Ta sauke irin da ya rage ta ba ta duka, amma shuka ta riga ta yi nisa, abin da matar ta samu a kaka bai taka kara ya karya ba. Iya ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba.

Yanzu na yi shekara talatin ina sayar da atamfa, kuma ba na yanka yadi sai na san inda aka yi shi, ko yana zuba, da abin da za a ɗinka. Mutane na yaba mini ƙwarewa, ni kuwa kunya nake ji, don na san wanda ya biya kuɗin karatuna. Mama Ladi ba ta sake sayen iri a gidanmu ba. Ta ci gaba da gaishe da Iya a kasuwa, tana gaya wa mutane cikin tausayi cewa tsohuwar ta fara ruɗewa. Sau biyu ina tsaye a wurin, na yi shiru.