Kawu Ɗanjuma da "Koren Wata"

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Kawu Ɗanjuma a unguwar Harra ta Gabas a Madina ya san ba ya juya sukari kamar kowa. Buga cokali yake a jikin kofi: tin, tin-tin, tirrr. In ka tambaya ya ce sukarin Madina ne mai taurin kai. Faɗa kawai yake, Allah ya jiƙansa! Kiɗan "Koren Wata" ne, waƙar da ya yi a faifai a Kano yana saurayi, gashi buzu-buzu, jita na kuka kamar mai aljanu.

Mu dangi mun sani, amma ya hana mu faɗa. Mutumin sahun gaba, wanda ake kira sulhu, gani yake in dattawan unguwa suka ji, girmansa ya zube ke nan.

Kwatsam wasu Turawa suka tono faifan suka watsa a intanet. Jikarsa Maryam, haihuwar nan, ta miƙo masa waya.

"Ya jaddi, hada inta?" Wato da Larabci, Kaka, kai ne wannan?

"Ni? Wannan shaiɗanin yaron ya daɗe da mutuwa."

Na karanta masa yabon Turawan, wai sautin jitar basira ce da ba a taɓa jin irinta ba.

"Basirar me? Sifikar ce ta faɗo daga mota ta tsage, na ƙi gyarawa!" Sai ya farga. "In ji yaron."

Babbar tsiya a Bi'ir Ali aka yi ta. Mun ɗaura harami za mu Umra, direbanmu ɗan Nijar yana ta rera waƙar a karkace. Kawu ya ja carbi, ya yi gyaran murya, ya sake jan carbi. Ina! Sai ya fashe.

"Kai direba! Sama ake kai wurin nan, ba ƙasa ba!"

Ya kuwa rera masa daidai, ga Malam Hadi, babban dattijon unguwarmu, a gefensa.

"Alhaji, ina ka san wannan?"

"Wani maƙwabci ne ya dame mu da ita."

Har muka isa Makka ba wanda ya kai shi ɗaga murya a Labbaika.

Da ciwo ya kwantar da shi, Malam Hadi ya zo dubiya. Na kawo shayi. Malam ya ɗauki cokali: tin, tin-tin, tirrr. Sannan ya dubi Kawu.

"Alhaji, da waƙar nan na nemi auren uwar 'ya'yana. Tun zuwanka muka gane ka, ba kuma wanda ya fasa binka salla."

Ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar. Ya share da bayan hannu, ya harare shi.

"Ka yi saurin tirrr ɗin, Malam."

Wallahi ina kewarsa. Har yau in na juya sukari sai hannuna ya tsaya. Allah ka jiƙan dattijon, ka yafe wa yaron, ka haɗa su a Aljanna.