Hoton da Aka Ɗauke Ni a Bangkok

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina aikin gadi a wani dogon bene na ofisoshi a unguwar West Bay da ke Doha, ina kwana a unguwar Fereej Abdel Aziz, mu takwas a ɗaki ɗaya, duk 'yan Arewa. Ni nake jan mu salla, ba don na fi kowa karatu ba, sai don na fi kowa daɗewa a Doha. A nan na yi zaman korona, daga ƙofar aiki sai kan gado, ina auna zafin jikin masu shiga. Da Gasar Kofin Duniya ta zo aka mai da ni tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, awa goma sha biyu a tsaye ina nuna wa baƙi hanya. Mutane sun zo daga ko'ina sun ga gari sun koma, ni kuwa ban taɓa zuwa wani wuri don kallo kawai ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Akwai wani mai dafa abinci a benenmu, Musulmi ɗan Thailand, mun shaƙu tun lokacin kulle. Da zai tafi gida bayan gasar, ya ce in biyo shi in ga garinsu. Kamfani ya ba ni hutu, na samu biza da ƙyar, na shirya. A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna: na ce wa mahaifiyata bana ba a ba ni hutu ba, alhali shekara uku rabonta da ta sa ni a ido.

Kwana tara na yi a Bangkok, kuma ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ga kasuwa a kan ruwa, mata a kwale-kwale suna miƙo mangwaro da shinkafa mai danƙo. Na shiga wata kasuwar da muka yini muna yawo ba mu ga ƙarshenta ba. Juma'a a wani ƙaramin masallaci na bakin kogi muka yi ta. Washegari abokina ya kai ni wani babban ɗakin bautar mabiya Buddha, inda baƙi ke cika don kallon gini. Ba a shiga da takalmi, sai na sunkuya a bakin ƙofa ina kwance igiyar nawa, shi kuma ya ɗauke ni hoto. Can ciki, daidai saitin kaina, ga ƙaton mutum-mutuminsu mai ruwan zinariya a zaune. Ban ko lura ba, na haɗa da sauran hotuna na ɗora a waya kowa ya gani.

Da na dawo Doha na tarar an ware mini kwano da kofi. Na tsaya salla, ba wanda ya tsaya a bayana. Ashe hoton ya zaga, an ce na je na yi wa gunki ruku'u. Wani dattijo direba da muke girmamawa ya tara mu, ya ce shi bai yarda da duk abin da ake faɗa ba, amma don a zauna lafiya in maimaita kalmar shahada a gaban kowa, khalas, magana ta mutu. Na dubi mutanen da muka yi jinyar juna lokacin annoba, ba wanda ya tambaye ni abin da ya faru. Na ce masa, “Baba, ina yin shahada kullum, amma yau ba zan yi ta don a wanke ni ba. Ban fita ba, balle in sake shiga.” A satin na kwashe kayana na koma ɗakin wasu 'yan Ghana.

Hoton ya isa gida ta hannun matar ɗaya daga cikin 'yan tsohon ɗakinmu. Da mahaifiyata ta kira, na fara rantse-rantse ina bayanin igiyar takalmi, sai ta katse ni. Ta ce ita ta haife ni, ta san wanda nake bautawa, ko a mafarki ba ta yarda da zancen ba. Sai muryarta ta karye, ta ce, “Ashe an ba ka hutun.” Duk abin da aka yi mini a ɗakin can bai taɓa ni kamar wannan ba.

Har yau ban yi nadamar zuwa Bangkok ba, kuma ban ba kowa haƙuri a kan hoton ba. Mai gadi ma mutum ne, yana da damar ganin duniyar da Allah Ya shimfiɗa. Mutum ɗaya na yi wa laifi, na kuwa je har gida na durƙusa a gabanta. 'Yan uwana masu aiki a waje, ku je duk inda kuke so, amma kada ku yi wa iyayenku ƙarya a kan hutu. Ku kuma masu yanke wa mutum hukunci daga hoto, ku tambaye shi tukuna. Da ɗaya cikin 'yan ɗakinmu bakwai ɗin nan ya tambaye ni, da na nuna masa takalmin.